Yadda Ake Lissafin Nisan da ke Tsakanin Wurare Biyu da Lambobin GPS

Yawancin aikina a kan jerin sunayen ƙauyuka yake: wannan ƙauye yana nan, rijiyar burtsatse tana can, asibitin sha-ka-tafi mafi kusa yana wancan gari. Kowane wuri yakan zo mini da lambobi biyu a gefen sunansa, waɗanda wani ya ɗauko da waya ko da na'urar GPS, kuma tambayar da ke biyo baya kullum guda ce: tsakanin nan da can kilomita nawa ne? Mai Google Maps a hannu zai danna wuri biyu ya ga amsa. Amma idan ƙauyukan suka yi yawa, ko kana inda babu sabis, dole ka iya lissafin da kanka. Ko da akwai sabis ɗin ma, ni a ganina bai kamata mutum ya sa hannu a kan lambar da ba zai iya bincika ta da biro da takarda ba. Lissafin bai fi ƙarfin wanda ya gama sakandare ba. Abin da ake buƙata kawai kalkuleta ce mai maɓallan sin da cos da √, irin wadda ke cikin wayoyin zamani.

Lambobin nan biyu

Ta farko ita ce latitud. Tana nuna yadda wuri ya yi arewa ko kudu daga layin Ikwaita, wanda ya raba duniya gida biyu. Ikwaita sifili ne, ƙuryar arewa digiri 90, ƙuryar kudu ma 90 amma da alamar ɗebewa a gabanta. Ta biyu ita ce longitud, tana nuna yadda wuri ya yi gabas ko yamma daga layin da ya ratsa Greenwich a birnin Landan, wanda aka tsayar a matsayin sifili a taron Washington na 1884. Layin nan ya gangaro ta Faransa da Sifen da Aljeriya da Mali da Burkina Faso, ya faɗa teku ta garin Tema a Ghana. Duk abin da ke gabas da shi lambarsa tsura take, abin da ke yamma kuma sai an sa masa alamar ɗebewa.

Birnin Kano yana wajen 12.00 a latitud, 8.52 a longitud. Katsina 12.99 da 7.60. Ka'aba kuwa 21.42 da 39.83. Da waɗannan za mu yi aiki.

Idan kana son lambobin inda kake tsaye, buɗe Google Maps, ka danna wurin ka riƙe har alamar ja ta fito, za ka ga lambobin biyu, latitud a gaba. Ka yi wannan a fili, nesa da rufin kwano da inuwar dogon gini, ka kuma ba wayar ɗan lokaci ta natsu. A sarari waya takan kuskure da kamar mita biyar, a cikin ɗaki kuwa sai abin da Allah ya yi.

Digiri ɗaya kilomita nawa ne?

Duk lissafin a kan lamba guda yake tsaye: digiri ɗaya na latitud kilomita 111.2 ne. Ga inda ta fito. Kewayen duniya kimanin kilomita 40,030 ne, da'ira kuma digiri 360 ce, idan ka raba sai ka sami 111.2. Kusancin kewayen da 40,000 cif ba haɗuwar sa'a ba ce. Lokacin da Faransawa suka ƙirƙiro mita a shekarun 1790, sun ɗauki nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa da Ikwaita ta kan Faris suka raba shi gida miliyan goma, kashi ɗaya suka kira shi mita.

Tun kafin su an yi wannan awo. Wajen shekarar 830, halifa Ma'amun na Abbasiyawa ya tura masana taurari zuwa filin Sinjar a arewacin Iraƙi. Suka rabu, wasu suka yi arewa wasu suka yi kudu, suna auna ƙasa suna duban sama, har sai da tsayin abin da suke dubawa ya canza da digiri ɗaya. Suka sami mil 56 da kashi biyu cikin uku da milin Larabawa. Daga baya Biruni, wanda aka haifa a 973, ya nemo girman duniya daga kan dutse a Nandana, cikin Pakistan ta yau, ta hanyar auna tsayin dutsen da yadda gefen sama yake sunkuyawa idan an hango shi daga ƙololuwa. Abin da ya tsananta wa malaman Musulunci neman wannan ilimi har da alƙibla, don ba a sanin inda Makka take daga gari sai an san lambobin garin da na Makka. Ina faɗin wannan ne don ɗalibin da yake ganin lissafin nan baƙon abu ne a gare mu.

Daga 111.2 za ka gane darajar kowace lamba bayan ɗigo. Lamba ta farko bayan ɗigo tana ɗauke da kilomita 11, ta biyu kilomita ɗaya da ɗan kai, ta uku mita 111, ta huɗu mita 11, ta biyar mita ɗaya. Don nisan gari da gari, lambobi biyu bayan ɗigo sun isa. Don rijiya ko makaranta ka nemi huɗu ko biyar. Idan aka kawo maka lambobi goma bayan ɗigo daga waya, kada su burge ka, na bayan ta biyar ba su da abin da suke nunawa.

Inda longitud ya bambanta

Nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Layukan latitud ba sa haɗuwa, tazararsu kusan ɗaya ce daga Ikwaita har ƙurya. Layukan longitud kuwa kamar gaɓoɓin lemo suke idan an ɓare shi: faɗinsu a tsakiya yake, suna tsukewa suna tsukewa har su haɗu a sama da ƙasa. Saboda haka digiri ɗaya na longitud kilomita 111.2 ne a kan Ikwaita kaɗai. A ko'ina kuma sai ka ninka 111.2 da cos na latitud ɗin wurin.

A Kano, cos 12 shi ne 0.978, don haka digirin longitud kilomita 108.8 ne. A Agadas, wajen latitud 17, ya sauko 106.3. A Landan, latitud 51.5, bai wuce 69.2 ba. A latitud 60 ya koma rabi, a ƙurya kuma sifili. Mu da ke kusa da Ikwaita ragin ƙanƙane ne, shi ya sa wasu ke yin watsi da shi. Ban yarda da hakan ba. Kashi biyu cikin ɗari a tafiyar kilomita 500 kilomita goma ne, kuma danna cos ba ya cin ko minti guda.

Hanya ta farko: don wurare na kusa

Idan wuraren biyu suna ƙasa ɗaya ko maƙwabtan ƙasashe, za ka iya ɗaukar doron ƙasa a matsayin shimfiɗaɗɗe, ka yi lissafin alwatika mai kusurwar digiri 90. Ƙa'idar Fitagoras ce, wadda magina ke aiki da ita idan suna fitar da kusurwar gini da igiya: uku a nan, huɗu a can, biyar a tsakani.

Mu ɗauki Kano da Katsina. Bambancin latitud: 12.99 a ɗebe 12.00, saura 0.99. Sau 111.2, ya ba da kilomita 110.1. Wannan shi ne yadda Katsina ta yi arewa da Kano. Bambancin longitud: 8.52 a ɗebe 7.60, saura 0.92. Sau 111.2, ya ba da 102.3. Yanzu sai ragin tsukewa. Latitud na tsakiyar garuruwan biyu kusan 12.5 ne, cos ɗinsa 0.976, idan ka ninka 102.3 da shi za ka sami 99.9. Wannan shi ne yadda Katsina ta yi yamma. Sai ka ninka kowace da kanta: 110.1 sau 110.1 ya ba da 12,122, 99.9 sau 99.9 ya ba da 9,980. Ka tara su, 22,102. Ka danna √, ka sami 148.7. Tsakanin Kano da Katsina a miƙe kusan kilomita 149 ne.

Ga irin wanda nake yi kullum. A ce ƙauye yana 11.7520 da 8.3410, asibiti kuma yana 11.7810 da 8.3720, ana son a san ko ƙauyen yana cikin kilomita biyar da masu tsara aikin lafiya suka saba ɗauka a matsayin iyakar kusanci. Bambancin latitud 0.0290, wato kilomita 3.22. Bambancin longitud 0.0310, sau 111.2 sau 0.979, wato 3.37. Ninka kowace da kanta, tara, ɗauki √, amsa kilomita 4.67. Yana ciki, amma da ƙyar, kuma a irin wannan nakan nemi wanda ya san yankin ya gaya mini ko akwai rafi a tsakani.

Hanya ta biyu: don nesa

Wannan hanya ta farko tana da juriya fiye da yadda ake zato, musamman a ɓangarenmu na duniya. Amma tana lalacewa idan nisan gabas da yamma ya yi yawa, ko wuraren suka yi nesa da Ikwaita. Daga Kano zuwa Guangzhou, inda 'yan kasuwarmu ke saro kaya, tana ba da kusan kilomita 11,170, alhali na gaskiya kusan 10,950 ne. Daga Landan zuwa Beijing tana ba da kusan 9,140, na gaskiya kuma 8,140. Kuskuren kilomita dubu cur.

Dalili shi ne hanya mafi gajarta a kan abu mai zagaye ba ita ce wadda ke bayyana a miƙe a kan taswirar bango ba. Ɗauki lemon nan, ka sa ɗigo biyu a sashensa na sama, ka ja zare tsakaninsu ka ɗame. Za ka ga zaren ya haura sama, bai bi layin kwance ba. Hanyar zaren wani yanki ne na babbar da'ira, wato da'irar da ta raba duniya gida biyu daidai. Ita ce ta sa gajeriyar hanya daga Landan zuwa Beijing ta haura har latitud 63 a arewacin Rasha, duk da cewa biranen biyu duk suna kudu da nan sosai.

Lissafin da ke auna tsawon zaren nan sunansa habasain (haversine da Turanci). Matuƙan jiragen ruwa sun daɗe suna aiki da shi da teburan lambobi kafin zuwan kalkuleta, kuma har yau shi ne ke cikin manhajoji da yawa. Akwai wani lissafin da ya fi shi gajarta a rubuce, amma na fi son wannan saboda ba ya rikicewa ko wuraren suna dab da juna. Bari mu bi shi daki-daki daga Kano zuwa Ka'aba.

Da farko ka tabbatar kalkuletarka tana kan digiri. Danna sin 30. Idan ta ba ka 0.5, to lafiya. Idan ta ba ka −0.988, tana kan radiyan, wato wani ma'aunin kusurwa daban da digiri, sai ka mayar da ita inda aka rubuta DEG. Kada ka tsallake wannan.

Bambancin latitud: 21.42 a ɗebe 12.00, saura 9.42. Raba biyu, 4.71. Sin ɗinsa 0.08211. Ninka shi da kansa, 0.00674. Ajiye wannan.

Bambancin longitud: 39.83 a ɗebe 8.52, saura 31.31. Raba biyu, 15.655. Sin ɗinsa 0.26984. Ninka shi da kansa, 0.07282.

Cos na latitud ɗin Kano 0.9781, na Makka 0.9309. Ninka su, 0.9106. Ninka wannan da 0.07282 ɗin can, ka sami 0.06631.

Tara 0.00674 da 0.06631, ka sami 0.07305. Danna √, 0.27028.

Yanzu ka nemi kusurwar da sin ɗinta ya zama 0.27028. Maɓallin da aka rubuta sin⁻¹ ko asin ke yin wannan, zai ba ka 15.68. Ninka biyu, 31.36.

Wannan 31.36 ita ce kusurwar da ke tsakanin Kano da Makka da a ce kana tsaye a tsakiyar duniya kana duban su. Ninka ta da 111.2, ka sami kilomita 3,487.

Da ka bi hanya ta farko za ka sami 3,495, bambancin kilomita takwas kacal. Da kuma ka bi ta ka manta da cos, za ka sami 3,636, ka ƙara wa alhazai kusan kilomita 150 da ba su yi ba. Jirgin alhazai dai ba a Makka yake sauka ba, Jidda ko Madina yake zuwa, kuma yana bin hanyoyin sama da aka keɓe, don haka abin da matuƙi zai sanar ba zai zo daidai da wannan ba.

Shawarata ita ce kar ka yanke lambobin tun a tsakiya. Ka riƙe aƙalla lambobi biyar bayan ɗigo har ƙarshe, sannan ka daidaita amsar. Idan nisan gajere ne lambobin tsakiya kan zo da sifilai da yawa, to bar su a cikin kalkuletar, kada ka kwafe su a takarda ka sake shigarwa.

Idan jerin ya yi tsawo

Da Excel ko Google Sheets aikin na layi ɗaya ne. Sa latitud na wuri na farko a A2, longitud ɗinsa a B2, latitud na wuri na biyu a C2, longitud ɗinsa a D2. A E2 ka rubuta:

=2*6371*ASIN(SQRT(SIN(RADIANS(C2-A2)/2)^2+COS(RADIANS(A2))*COS(RADIANS(C2))*SIN(RADIANS(D2-B2)/2)^2))

Matakan da muka bi ne aka jera a layi guda. Lambar 6371 ita ce matsakaicin nisa daga tsakiyar duniya zuwa doronta a kilomita. Ta maye gurbin 111.2 ne saboda Excel da radiyan yake lissafi, shi ya sa kuma kowane digiri sai an juya shi zuwa radiyan tukuna. Ka fara gwada shi da Kano da Makka. Idan ya ba ka 3,487, sai ka ja shi ƙasa zuwa sauran layukan. 'Yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi masu Excel na Faransanci, ku rubuta RACINE a madadin SQRT, ku kuma lura cewa a wajenku waƙafi ke zama a gurbin ɗigo, wato 12,00 da 8,52. Idan aka turo muku jeri daga Najeriya da ɗigo, Excel ɗinku zai iya ɗaukar lambobin a matsayin rubutu ya ƙi lissafawa.

Inda ɓarna ke shigowa

A abin da na gani, da wuya lissafin kansa ya ci amanar mutum. Lambobin da aka zuba masa su ne matsalar, kuma iri uku ne ke ta maimaituwa.

Na farko shi ne salon rubutu. Ana rubuta digiri da ɗigo kamar yadda muka yi, ana kuma rubuta shi da digiri da minti da sakan, inda digiri ɗaya minti 60 ne, minti ɗaya sakan 60. Latitud na Ka'aba a wannan salo shi ne 21°25′21″. Don juya shi, raba mintin da 60, raba sakan da 3,600, ka tara da digirin: 21 da 0.41667 da 0.00583, ya zama 21.4225. Mai gaggawa sai ya cire alamomin ya rubuta 21.2521, ya kawar da wurin kilomita 19 kudu. Idan ka ga jeri duk lambobin da ke bin ɗigo ba wadda ta kai 60, ka yi zargin an yi wannan aika-aika. Wasu na'urorin GPS ma suna nuna salo na uku, digiri da minti mai ɗigo, kamar 21°25.35′. Wannan mintin kaɗai za ka raba da 60.

Na biyu shi ne juya lambobin, kuma mu 'yan Najeriya ya fi cutarwa. Ƙasar tana tsakanin latitud 4 da 14, longitud kuma 3 zuwa kusan 15, wato lambobin biyu sun yi kama da juna. Bature a Landan idan ya juya 51.5 da −0.13 zai tsinci kansa a tekun Indiya ya gane nan take. Mu kuwa idan ka juya na Kano, 8.52 ya zama latitud, 12.00 ya zama longitud, wajen Ganye za ka sauka a jihar Adamawa, sama da kilomita 500 daga Kano, amma har yanzu cikin Najeriya, ba abin da zai ja hankalinka. Google Maps latitud yake sawa a gaba, fayilolin taswira irin KML da GeoJSON kuwa longitud suke sawa a gaba, don haka kwafe daga wannan zuwa wancan kan juya su ba da saninka ba. Maganinsa ka ɗauki wuri ɗaya da ka sani a jerin, ka zuba lambobinsa a taswira ka ga inda ya faɗa kafin ka fara komai.

Na uku shi ne alamar ɗebewa. Kumasi, inda kakanninmu fatake suka riƙa zuwa sayen goro, tana 6.69 a latitud, −1.62 a longitud, don tana yamma da layin Greenwich. Bambancin longitud tsakaninta da Kano 8.52 ne a tara da 1.62, wato 10.14, nisan kuma kusan kilomita 1,260. Idan alamar ta faɗi, bambancin ya koma 6.90, nisan ya koma 960, Kumasi ta koma wajen iyakar Togo da Benin. Duk inda ka ga W ko S a gefen lamba, cire harafin ka sa alamar ɗebewa. A takardun Faransanci O ake sawa don yamma, wasu kan ɗauke ta sifili.

Duniya ba cikakkiyar ƙwallo ba ce

Habasain yana ɗaukar duniya a matsayin mai zagaye sak, alhali ta ɗan kumbura a Ikwaita ta ɗan lotsa a ƙuryoyi. Daga tsakiya zuwa Ikwaita kilomita 6,378 ne, zuwa ƙurya 6,357. Saboda haka digirin latitud kilomita 110.6 ne kusa da Ikwaita, 111.7 a ƙurya, kuma kuskuren habasain kan kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari. A ƙasar Hausa, idan kana bin hanya ta farko kuma kana son ƙarin daidaito, yi amfani da 110.6 don arewa da kudu, 111.3 don gabas da yamma kafin ka ninka da cos. Da waɗannan, Kano zuwa Katsina ya koma 148.3 maimakon 148.7. Don tsara rigakafi ko raba taki, wannan bambanci ba ya hana komai. Mai buƙatar daidaito har zuwa milimita akwai lissafin da Thaddeus Vincenty ya fitar a 1975, da gyaran da Charles Karney ya yi a 2013. Ba na biro da takarda ba ne, amma manhaja irin QGIS, wadda kyauta ce, tana auna nisa a kan ainihin siffar duniya.

Abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai takardar fili shi ne tushen awon. Waya da GPS suna aiki da tsarin WGS 84. Tsofaffin taswirorin Najeriya da takardun safiyo da yawa kuwa a kan tushen Minna aka yi su, wanda aka gina a kan siffar duniya ta Clarke ta 1880. Wuri ɗaya, lambobi biyu daban, kuma tazarar da ke tsakaninsu a arewacin Najeriya ta kusa mita 80, galibinta gabas da yamma. Idan ka ɗauki lamba ɗaya daga tsohuwar takarda, ɗaya daga wayarka, ka lissafa nisa, wannan tazarar ta shiga cikin amsarka. A nisan gari da gari ba za ka ji ta ba. A fuloti kuwa ta isa ta kai ka gida na huɗu ko na biyar. Ina roƙon duk mai rikicin iyakar gona ko fili da kada ya kafa hujja da lambobin waya. Wannan aikin safiyo ne mai lasisi, da kayan awonsa da turakun simintinsa.

A takardun safiyo za ka kuma ga manyan lambobi marasa digiri, ɗaya da E ɗaya da N. Waɗannan mita ne kai tsaye. Idan na tsarin UTM ne, wanda ya raba duniya shiyya-shiyya, kuma wuraren biyu suna shiyya ɗaya, aiki ya yi sauƙi: ɗebe E daga E, N daga N, ninka kowace da kanta, tara, danna √, amsa ta fito a mita, babu cos babu 111.2. Sharaɗin shi ne shiyyar. Sakkwato da Yamai suna shiyya ta 31, Kano da Maraɗi da Damagaram ta 32, Maiduguri da Diffa ta 33. Lambobin shiyyoyi biyu ba a ɗebe su da juna, sai an fara mayar da su digiri.

Nisan tsuntsu da nisan mota

Duk abin da muka lissafa nisa ne a miƙe. Kano zuwa Katsina 149 ne a lissafi, amma direban da ya bi ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya zai ci kusan kilomita 170. Inda akwai duwatsu ko kogi mai gada guda, bambancin ya fi haka nesa ba kusa ba. Nisan miƙe shi ne na mai kafa eriyar rediyo ko turken sadarwa, da mai son sanin wace rijiya ce ta fi kusa da wane ƙauye kafin a je a duba. Kuɗin mai da lokacin isa kuwa na hanya ne, kuma taswirar hanya ko mitar mota ke ba da su.

An sha tambayata ko za a iya amfani da wannan lissafi don sanin nisan ƙasaru. A mazhabar Malikiyya nisan buridi huɗu ne, wato mil 48, wanda malaman zamani kan ƙiyasta da kilomita 80 da 'yan kai. Abin da ake dubawa a nan tafiyar da matafiyi zai yi ne a hanyar da zai bi, don haka nisan miƙe ba shi ne ma'auni ba. Amfaninsa ɗaya ne: hanya ba ta taɓa gaza nisan miƙe, don haka idan lissafinka ya riga ya haura iyakar, to hanyar ma ta haura. Idan kuma ya gaza da kaɗan, sai ka auna hanyar kanta, ka kai wa malaminka lambar ya yi maka bayanin hukuncin.